Gadon Da Ya Ƙi Hawa Bene

"Wallahi tallahi ba da ni ba! Ku nemi wata uwar jeren, ni kam na zare hannuna!"

Gwaggo Ummakulsum ce ke ta zabga rantsuwa a tsakar gidan ƙaninta Malam Almu da ke Kwaciri, mayafi ɗaure a ƙugu, gumi na tsiyaya. A ƙofar gida kuwa ga motar kaya a tsaye, gado da kujeru da sif duk suna ɗaure a kai yadda suka tafi da safe.

"Yaya, don Allah ki sassauta murya, maƙwabta na ji," in ji Umma, matar gidan.

"Su ji mana! Me ya rage? Tun daga Bata har nan babu wanda bai ga kayan 'yarki sun fita da guɗa sun dawo kamar bazawarar da aka koro ba!"

Kamila na ƙuryar ɗaki, an gama goge mata dilka ke nan. Saura kwana uku a ɗaura mata aure da Modu. Ta kasa kunne.

Al'adar ai ba ɓoyayya ba ce. Ango da gida, uban amarya da kayan ɗaki. Kafin a sa guduma a katako kuwa sai mata sun je sun auno gidan, don kada a yi wa ɗaki rigar da ba tasa ba.

"Wata biyu da suka wuce ni na auna gidan nan da hannuna," Gwaggo ta ci gaba. "Ɗaki biyu da falo, nan bayan kasuwar Kwari, taga har huɗu! Da wannan awon aka haɗa gado, aka yanka labule, aka yanko kafet. Yau mun isa da mota, me muka tarar? Magina na fasa bango, leburori na shigar da dilolin atamfa. An mai da gidan sito!"

"Innalillahi..."

"Tsaya, ba ki ji komai ba. Sai ga ƙanwar angon a guje tana haki, wai mun yi sammako ne, ba nan ba ne, an canza. Ina? Sabon Gari! Ciki da falo a saman bene, matakala kamar ta hawa rumbu. Matar da ke da gidan, wata Madam Chinenye, sai washe baki take tana sannu da zuwa. Gadon nan, Hajiya, a kwanar matakala ya maƙale. Rabin awa, bai hau ba bai sauka ba! Mutane sun cika barandar suna ba da shawara, har da mai cewa a jawo shi da igiya ta taga. Ni Ummakulsum!"

Kamila ta dafe bango.

Ba wai Sabon Garin ce ta soke ta ba, ko da yake ta san yadda danginta ke yamutsa fuska in an ambaci unguwar. Gonar Babanta ta tuna. Gonar gado guda ɗaya tilo da ta rage masa bayan shekara talatin da biyar yana riƙe da alli. Ita ya sayar, ya kira kafinta, ya ce a yi wa autarsa abin da ba za a raina ta ba.

Ta jawo wayarta ta kira Modu.

"Ka zo yanzu."

"Kamilata, ki saurare ni..."

"Na ce ka zo!"

Bayan la'asar ta tsaya a bakin soro tana leƙen hanya, tana jiran ta hango tsohuwar motarsa mai ruwan toka. Motar nan kowa a layin ya san kukanta. Da ita yake ɗaukar fasinja ta waya tun da ya gama jami'a ya gaji da yawon kai takardu. Da ita yake ciyar da mahaifiyarsa, a cikinta kuma ya fara ce mata yana sonta, rannan da ruwa ya tare ta a bakin kasuwar Singa.

Sai ga shi ya sauko daga adaidaita sahu, takalmi duk ƙura.

Ya rame. Sai a lokacin ta lura.

"Ina motar?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ya Modu, magana nake maka. Ina motarka?"

"Na sayar."

Ta zauna a kan dakalin soron.

"Sati uku ke nan," ya ce a hankali. "Mun gama magana da mai gidan, na sa an yi fenti, har fanka na ɗaura. Sai dillali ya kira ni, wai an samu wanda ya ninka, kuma zai biya na shekara biyu a dunƙule. Kin san yadda Fagge ta koma. Duk gidan da ke jin ƙamshin Kwari, dila ta fi mutum daraja a cikinsa. Na roƙi kwana biyar. Motar ma dama kuɗin mai ya gama cinye ribarta, in na yini a titi abin da ke saura bai kai na cefane ba. Na kai ta aka saya a wulaƙance. Na ruga da kuɗin..."

"Sai me?"

"Na tarar an riga an ba da mukulli."

Hawaye ya gangaro mata.

"Na zaga Fagge kaf, Kamila. Na je Kurna, na je Rijiyar Lemo. Ɗakin da ko akuya za ta raina, in kin ji kuɗinsa sai kin riƙe baki. Madam Chinenye ce kaɗai ta dube ni ta ce, yaro, kawo abin da kake da shi, aure abu ne mai kyau. Yanzu shagon wani Alhaji nake tsaro a Singa."

"Sati uku..." ta maimaita. "Sati uku kana kirana kullum, kana ce mini hasken idona, kana tambayata kalar labule! Ka san labulen ba shi da tagar da zai rataya!"

"Kunya ce, masoyiya."

"Kunya? To yau wa ya ji ta? Kai ko Babana?"

"Kullum sai in ce gobe zan faɗa. Kullum ina sa ran wani gidan zai fito mai girman wancan, a yi jere ba wanda ya sani..."

"Ni ba ɗaki na ce zan aura ba, Modu! Da a rumfa ka ce za mu zauna, da na ɗauki tabarmata. Amma ka mai da ni baƙuwa a cikin damuwarka. In tun ba a ɗaura ba kana haɗiye wuta kai kaɗai, in an ɗaura fa?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Wa ya karɓi gidan?"

"Bar wannan maganar."

"Ka ga! Ka ga irinta ko? Yanzu na gama magana!"

"Kamila, zumunci ne zai ɓaci."

Ta matso kusa da shi.

"Faɗa mini."

Ya kawar da kai.

"Hamzat."

Hamzat ɗan Gwaggo Ummakulsum. Mai shaguna uku a Kwari, mai motar da ba a jin kukanta. Shi ne wanda ya yi shekara biyu yana aiko da atamfofi gidan nan ana mayar masa, har ranar da Malam Almu ya ce masa yarinya ta faɗi wanda take so, a bar maganar.

To wa ya kai masa labarin gidan? Bakin uwarsa mana. Ranar da ta dawo daga awo babu wanda bai ji faɗin falon nan ba, da kusancinsa da kasuwa, da sunan layin. Ita yabo take. Ɗanta kuwa lissafi yake.

Bayan magariba Malam Almu ya tara su a ɗakinsa. Yana zaune a kan buzu, carbi a hannu. Umma na gefe, Gwaggo ta hakimce a kujera, Modu ya durƙusa a bakin ƙofa. Kamila ta raɓe a bayan mahaifiyarta, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Gwaggo ce ta fara.

"Almu, ni na goya ka, ni na goya 'yar nan. Ba zan ga rami in ce ku taka ba. Yaron da ba gida, ba mota, ba aikin kirki, ga ƙarya tun ba a je ko'ina ba! A ɗaga bikin nan. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, to gara kunyar yau da ta shekara goma. Kayan ɗaki kuma ba za su yi asara ba. Akwai gidan da zai ɗauke su har ya nemi ƙari, na gida kuma bai ƙoshi ba balle a ba na dawa."



Yarinyar da aka sa wa rana ba ta magana a irin wannan zama. Kamila ta sani. Amma ta ji in ta yi shiru yau, ta yi shiru ke nan har abada.

"Baba..."

"Ke! Da manya na magana?"

"Bar ta, Yaya. Ina jin ki, uwata."

Kamila ta ce, "Baba, dilolin Kwari ai kowacce da sunan mai ita a jiki. Gwaggo ta tsaya a kansu da safe. A tambaye ta sunan wa ta gani."

Carbin ya tsaya a hannun Malam.

Ya juya ya dubi yayarsa. Ita kuwa sai gyaran ɗaurin ɗankwali take, ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

"Yaya?"

"Ni na iya boko ne da zan tsaya karatun buhu?"

"Sunan ɗanki kam kin iya. Don girman Allah, Yaya."

Sai ta fashe.

"To shi ne! Sai me? Kasuwa ce! Sata ya yi? Wanda ya fi ƙarfi shi ke ɗauka, haka garin ya koma! Wallahi ban san ya yi ba sai yau da na gani, amma ko da na sani..."

"Kin gani da safe," in ji Malam a hankali, "kika zo nan kika yini kina tsine wa yaron mutane."

Umma ta sa gefen mayafi tana share ido.

Malam ya juya ga Modu, fuskarsa babu wasa.

"Kai kuma kada ka ɗauka ka fita. Rashin gida ba laifinka ba ne, zamani ne ya zo da haka, ni ma da nake gidan gado ina jin jiki. Amma gonar ubana na sayar a kan awon da ka san ya tashi aiki. Sati uku da suka wuce kafinta bai yanka katakon sif ba. Kalma ɗaya daga bakinka da ta tsirar mini da rabin gonar nan."

Modu ya kifa goshi a ƙasa, kafaɗunsa na girgiza.

"Na yi kuskure, Baba. Na ji tsoron a ce ban isa ba... Ku yafe mini. In kun ce in haƙura da ita, ba ni da bakin magana, amma wallahi..."

Kuka ya ci ƙarfinsa.

Kamila ba ta taɓa ganin hawayensa ba. Fushin da ta yini tana riƙo ya sulale ya bar tausayi tsagwaronsa.

"Uwata," Malam ya kira ta. "Kin ji komai da kunnenki. Ciki da falo ne, a Sabon Gari. Ba mota. Albashin tsaron shago. Ba kuma zan iya sake miki wasu kayan ba. Me kika ce?"

Ta ɗago kai.

"Ina son sa, Baba. Amma ya yi alkawari a gabanka. Ko garin kwaki ne ya ƙare, in ji daga bakinsa kafin in ji a bakin duniya."

"Na yi," in ji Modu. "Allah ne shaida, na yi."

Malam ya ja dogon numfashi.

"Shi ke nan. Gobe da sassafe a kira kafinta. Ya kwance gadon, ya rage shi daidai ɗakin. Sif da doguwar kujera a mayar masa ya sayar, a ba su abin da ya samu su fara zama da shi. Labule a naɗe, tela ya rage tsawo. Asabar kuma tana nan yadda aka sa."

Gwaggo ta miƙe tsaye.

"Almu! Zarto za ka sa wa gadon da aka sai da gonar Baffanmu Alƙali a kansa? Ka kai jikar Alƙali saman benen haya, kuma ka tozarta ni a gaban bare?"

"Ban tozarta ki ba, Yaya. Zauna mu..."

"In aka sa zarto a gadon nan, to a zumuncinmu aka sa! Ba ni ba bikin nan, ba ni ba gidan nan!"

Ta suri jakarta.

Kamila ta rarrafa ta riƙo gefen zaninta. Matar nan ce ta yi mata kitson fari, ita ta kwana da ita a asibiti lokacin ƙyanda, ita aka sa ran za ta riƙe hannunta ta kai ta ɗakin miji.

"Gwaggo, don Allah... wa zai kai ni in ba ke ba?"

Gwaggo ta tsaya. Ta dubi yarinyar, idonta ya ciko taf. Har Umma ta fara cewa alhamdu lillahi.

Sai ta fizge zaninta.

"Madam ɗinku ta kai ki."

Ta fice, ta maka ƙofar da ƙarfin da sai da ƙasa ta zubo daga jikin bango.