Wa Ya Buɗe Hirarmu?

"Karanta! Da ƙarfi nake so ki karanta!"

Yaya ya dangwarar da wayarsa a kan teburin falo, Mama na gefe ta zabga tagumi.

Na ɗauka na duba. Hoton hira ne... hirata da Dogo, malamin lissafin da saura wata biyu ya turo manyansa gidanmu. Ga kalmomina nan, inda nake gaya masa Abba ya fara ciwon mantuwa, har ya daina gane hanyar ɗakinsa.

Maganar da muka yi alkawari ba za ta fita daga gida ba.

"Baƙuwar lamba ce ta turo min," in ji Yaya. "An ce abokansa yake nuna wa suna dariya. Dama ni tun farko bai kwanta min ba!"

"Auta," Mama ta ce a hankali, "ciwon mahaifinki ne ya zama abin hira?"



Manhajar da muke hira a kai kullum tana rubuta min cewa saƙonninmu a kulle suke, daga ni sai shi, ko masu ita ba sa gani. To ni dai ban tura wa kowa ba. Ita ce ta yi ƙarya, ko shi?

Ban jira an tashi makaranta ba. A bakin ɗakin malamai na sami Dogo, hannunsa duk alli.

"Sahibata, lafiya? Me ya sami idonki?"

"Wa ka nuna wa hirarmu?"

"Wace hira?"

Na nuna masa hoton da na turo daga wayar Yaya. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Wallahi ko ƙanwata ba ta san lambar buɗe wayata ba."

"To aljanu ne? Mu biyu ne fa a ciki, Dogo! Mu biyu!"

Ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni wayarki."

Na ƙanƙame ta a ƙirji. Ni kaina ban san lokacin da na yi hakan ba, amma ya gani. Sai ya buɗe tasa ya ɗora min a tafin hannu.

Kunya ta rufe ni, na ba shi tawa.

Ya shiga nan ya fita can, sai ya tsaya cak.

"Wace kwamfuta ce wannan da take haɗe da hirarki? Ko yau da ƙarfe goma an buɗe ta."

Ƙarfe goma ina gaban Yaya ina kuka.

Sai na tuna. Kwamfutar kantin maganin da nake aiki! Wata uku da suka wuce na haɗa ta da wayata don in tura jerin magunguna, ban cire ba. Mu biyu ne ke zama a kanta, ni da ƙawata Ƴar Gayu, wadda a bikin yayarta na fara haɗuwa da Dogo.

Da na tare ta a kantin, ko musu ba ta yi ba.

"Ni na fara ganinsa," ta ce, tana jera kwalaye. "Ke kuma kika bar ƙofa a buɗe."

Wata uku tana karanta mu, tana min murmushi da safe.

Na kira shi da yamma.

"Ka yafe min, masoyina..."

"Kin yi shakkar manhaja na minti ɗaya," ya ce. "Ni kuwa kin yanke min hukunci tun a hanya. Ki ba ni lokaci."

Kwana tara bai kira ba. Na bar kantin, na gaya wa Mama da Yaya komai, har laifina.

Ran na goma na jiyo sallamarsa a falo. Na fito da gudu babu ko takalmi. Ashe Yaya ne ya je har makaranta ya ɗauko shi a motarsa.

Suna zaune kowa na kallon bango. Can Yaya ya yi gyaran murya.

"Kai malam... ka ci abinci kuwa?"

Iyakar haƙurin da Yaya ya iya bayarwa kenan a duniya.

Dogo ya ɗago ya kalle ni, idonsa ya yi ja, amma yana murmushi.

"Ban ci ba, Yaya. Yau kwana tara kenan."