Aikin Ichrak, Sunan Skander

Ranar da Skander ya fara ganin Ichrak, faɗa ta zo yi masa. Ana taron masu rubuta manhajojin gwamnati a Tunis, yana riƙe da shayin na'ana'a, sai ga wata siririya mai tabarau a gabansa.

"Kai ne mai duba aikin mutane? Kai ka ce nawa a hargitse yake?"

"Ni ne. Ban san haka mai aikin take ba."

"Da ka sani fa?"

"Da na ƙaro kurakurai, don ki riƙa zuwa."

Ta harare shi, dariya ta ƙwace mata. Shi ke nan, bawan Allah ya faɗa tarkon so.

Ichrak a wata ƙaramar hukuma take aiki a birnin Sfax. Ita ta rubuta manhajar da ke ba mutum lokacin zuwa karɓar takardar haihuwa, don tsofaffi su huta da layi. Ta ɗora ta a dandalin da ma'aikatu ke ajiye ayyukansu a fili, kowa ya gyara, kowa ya ɗauka kyauta. Ba abin da ake samu a wurin sai sunan mutum a jikin aikinsa.

Saƙonni suka kankama a tsakaninsu.

"Ruhina, na duba gyaranki, ban ga aibi ba. Ko so ne ya rufe min ido?"

"Sake dubawa, malam. Ba na son alfarma."

Da aikin ya kammala, Skander ya yi abin da ya saba: ya dunƙule ƙananan gyare-gyarenta wuri ɗaya don tsabta, ya shigar. Bai lura ba, dunƙulen ya fito da sunansa. Kafin ya farga, garuruwa sun kwafa, ba halin sauya tarihin aikin.

Kuskure ne, wallahi. Amma da shugabansu ya kira shi ya ce za a ba shi jagorancin manhajar a ƙasa baki ɗaya, sai ya yi shiru. Ya ce a ransa gobe zai faɗi gaskiya. Goben nan ita ta cuce shi.

Hichem, ɗan baffan Ichrak da ya daɗe yana sonta, shi ya kai wa mahaifinta labarin. Da ma Si Moncef, mai sayar da man zaitun, bai so 'yarsa ta auri baƙo ba.

Saƙon Ichrak ya zo wa Skander: "Kuskuren na gane shi, aikinmu ɗaya. Shirun ne ban gane ba. Kada ka kira ni."

Kunya ta hana shi cin abinci. Ya rubuta a dandalin, inda kowa ke karantawa, cewa aikin na Ichrak ne tun daga tushe, kuma ya sani ya yi shiru. Ya ajiye muƙamin, ya hau jirgin ƙasa zuwa Sfax.

Si Moncef bai ko nuna masa kujera ba.

"Kai ne wanda ya cinye gumin 'yata?"

"Ni ne, Baba."

"Ba ka da wani bayani?"

"Babu."

Ichrak ta leƙo daga ƙofar ciki, idonta jawur.

"Baba, ya tona asirin kansa a gaban ƙasa duka. Hichem ko kofi ya fasa, mage yake ɗora wa."

"To, zauna," in ji Si Moncef.

Bayan kakar zaitun aka ɗaura aure. Muƙamin kuwa ba ita aka ba ba. Wani aka ɗauko daga wata ma'aikata. Ana guɗa, ana raba alawar baklawa, Skander ya sunkuya kusa da kunnenta.

"Da na yi magana ranar, da ke ce a kujerar."

"Na sani, azizina. Na yafe, amma ta wuce."

Si Moncef ya dafa kawunansu, ya ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuriya mai faɗin gaskiya a kan lokaci. Aka shafa.

Suna nan a Sfax cikin rufin asiri. Sai dai har yau, in Skander ya buɗe dandalin ya ga sunansa a kan aikin matarsa, rufe kwamfutar yake yi ya fita tsakar gida.