Tsokar 'Yar Kyanwa

A wani gari, a wani zamani, an yi wata yarinya mai 'yar kyanwa. Kyanwar ba ta fita waje farautar ɓera, sai abin da aka ba ta.

Da safe yarinya ta ba ta ƙosai. Kyanwa ta sunsuna, ta kau da kai. Da rana ta ba ta alkaki. Kyanwa ta sunsuna, ta kau da kai. Kullum sai ramewa take yi.

Yarinya ta je wurin kakarta tana hawaye. "Kaka, duk abin da nake so na ba ta, ta ƙi!"

Kaka ta yi dariya. "Ja'ira, abin da kike so, ko abin da take so?"

Da yamma aka raba naman miya, kowa tsoka ɗaya. Yarinya ta dubi tata, ta haɗiye yawu. Sannan ta wanke yajin, ta yayyanka wa kyanwa. Kyanwa ta cinye tas, ta kwanta a cinyarta.

Kaka ta miƙo tata tsokar. "Ungo, ƙawata, ni haƙorana sun gaji."