Fararen Ɗigo a Kan Umair

"Sauko daga gaban motar nan, Ramla!"

Zulaihat ce ta faɗa tana huci, a bakin Ƙofar 'Yandaka. Saura kaɗan a ɗaura mata aure da Umair, ga 'yar kawunsa ta hakimce a kujerarta cikin motarsa, rungume da wata ƙatuwar ambulan.

Ramla ta sauko a yangance.

"Yi haƙuri, amarya. Abuja munka tahi, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarshi saboda ciwon kai. Har takalminshi ni na riƙe."

"Umair... ita ta ga cikin kanka, ni ko labari ban ji ba?"

"Haba rabin raina, Hajiyata ce ta haɗa mu! Kuma likita ya ce lahiyata lau."

Fizge ambulan ɗin ta yi ta wuce gida. Kishi dai ba ya shawara da hankali.

Tana kwance tana kuka Gwaggo Indo, ƙanwar babanta, ta zaro hoton ta ɗaga shi ga rana a tsakar gida.

"Innalillahi! Mi zan gani? Kan yaron ga duk huji, kamar rariya!"

Fararen ɗigo ne ƙanana, warwatse a cikin hoton.

Aure kuwa sai da bincike. Alhaji Lado, mahaifin Zulaihat, ya tura Gwaggo ta ƙara shaƙo labari a dangin ango, ta faɗa hannun Ramla.

"Ni dai ba a bakina ba," in ji Ramla, ta yi ƙasa da murya, "amma shina surutai shi kaɗai."

Shi ke nan. Alhaji ya ce ba ya ba da ɗiyarsa ga mai taɓin hankali. Umair ya zo da bayani, aka ce mai neman aure komai ma zai faɗa.

Zulaihat ta daina cin abinci. Da ta rufe ido, Ramla take gani cikin lalle, kuma ita Zulaihat ɗin ce ta miƙa mata Umair da hannunta!

Ta matsa wa yayanta Siddiq har ya kai ta Abuja. Likita Hajara ta duba hoton ta yi murmushi.

"Jijiyoyin jinin da suka ratsa ƙwaƙwalwa suna da ɗan fili mai ruwa a kewayensu. Ruwan ne yake fitowa fari a irin wannan hoton. Ba huji ba ne, kusan kowa yana da shi."

"Har ni?"

"Da wuya a rasa."

"To a ɗauki nawa, don Allah..."

Da suka dawo, a zaure ta samu Alhaji, Umair na durƙushe gabansa ya zo roƙo na ƙarshe. Ta naɗe gefen sunayen, ta miƙa hotuna biyu.

"Baba, nuna mani na marar lahiyar. In ka nuna nashi, wallahi na haƙura."

Umair ya ɗago a firgice. "Zulaihat!"

Alhaji ya ɗaga su ga hasken ƙofa. Ya kalli wannan, ya kalli wancan, ya daɗe. Sannan ya kaɗa na hagu.

"Wanga. Ɗigonshi ma sun fi yawa. Mai wannan kai ba ya shiga zuri'ata."

Hawaye suka zubo mata, tana dariya.

"Baba... nawa ne."

Alhaji ya sauke hannu a hankali. Ya dubi ɗiyarsa, ya dubi Umair.

"Tashi, ɗana. Ka ce ma magabatanka su zo ranar Juma'a."