Injiniyan Sauti Mai I'ina

A ɗakin ɗaukar murya ta fara ganinsa. Ta kai karatun Suratu Maryam a tace mata, domin a kan sautukan ƙissoshin Alƙur'ani take rubuta kundin digirinta. Shi ne injiniyan wurin, dogo, mai i'ina.

Ya miƙa mata abin sauraro. "Ki ji ƙa... ƙarshen ayoyin. Annabi Zakariyya a asirce yake roƙo, sai sautin ma ya yi laushi kamar raɗa. Can gaba da aka zo tsawatarwa, harafin dal ne ke bugawa."

Ta tsaya kallonsa. Wata uku tana neman yadda za ta faɗi wannan a kundinta.

Daga nan saƙonni suka kankama.

"Malamata, a rubuce ba na i'ina, don haka bari in faɗa miki sarai: ina sonki."

"Injiniya, ko da i'inar ma da na gane."

Matsalar Abbanta ce. Malamin tajwidi ne, kuma akwai wani ɗalibinsa mai zaƙin murya da yake yi mata sha'awa. Ran da Injiniya ya zo gaisuwa, harshensa ya ƙulle, ya kasa haɗa kalma uku. Abba ya ɗauka girman kai ne.

"Wanda bai iya gaisuwa ba, shi zan ba 'yata?"

Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Sannan ta durƙusa gabansa. "Abba, ka saurare shi sau ɗaya. In ka ce a'a, na haƙura."

Da Injiniya ya dawo, Abba bai tambaye shi komai ba, ya tura masa Alƙur'ani. Tana bayan labule tana sauraro.

Ya buɗe Suratu Yusuf. Babu i'ina ko kaɗan. Da ya kai inda Annabi Yaƙub ke baƙin cikin rabuwa da ɗansa, ya ja maddin, wato dogon wasalin da ke wurin, muryar ta yi ƙasa kamar nishin tsoho. Abba, wanda ya binne babban ɗansa bara, ya sunkuyar da kai.

"Shekara talatin ina koyar da tsawon wannan maddin," ya ce a hankali. "Yau na ji abin da yake ɗauke da shi. Ka turo magabatanka."

Ta jingina da bango, ta sauke ajiyar zuciya.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Abba ya dafa kansu. "Allah Ya sa ku riƙa sauraren juna. Allah Ya yi muku albarka."