Mai Gira da Mai Zabura

Da tsaki suka fara.

A ɗakin kallo na laburare ne, ranar da aka nuna tsofaffin finafinan katun na wani jaki mai hula. Yara sun cika gaba. A baya manya biyu ne kawai: wata malamar zane a firamare, da wani mai tabarau da ke gyaran tsofaffin finafinai a gidan talabijin.

Jakin ya zabura, wuyansa ya miƙe kamar roba, ƙafafunsa suka zama barkatai. Mai tabarau ya tafa shi kaɗai.

"Mtsw," in ji malamar. "Wannan ai hauka ne, ba zane ba."

Ya juyo. "Malama, kin san abin da kika gani kuwa? Mutane da yawa ne suka zana fim ɗin nan, kowa da wurinsa. Wannan hannun Mai Zabura ne. Ni na raɗa masa sunan, tunda ba a rubuta wa ya zana me ba."

"Na san hannunsa sarai. Duk inda aka rasa abin yi, sai a sake shi ya yi ta shirme. Jira ka ga gwani."

Can aka gaya wa jakin an cinye abincinsa. Bai motsa ba. Girarsa ɗaya ce ta ɗaga a hankali, kunne ya langaɓe.

"Ka gani? Mai Gira ke nan. Layi biyu, ya gama magana."

"Saura kaɗan barci ya sace ni."

"Ashe tabarau ɗin na ado ne."

Duk da haka ya karɓi lambarta, wai don ya wayar mata da kai.

Saƙonsa na farko ya ce: "Sarauniyar tsaki, na tura miki wurin da jakin ya faɗa rijiya. In kin ce ba kyau, ki nemi likitan ido."

Ta amsa: "Mai ido huɗu, na gani. Ɗalibaina 'yan aji biyu sun fi shi. Ka ci abinci kuwa?"

Haka suka yi ta raina wa juna gwani har raini ya zama kewa. Abu ɗaya suka yarda a kai: akwai wani mai zane na uku, Malalaci, wanda suka tsana tare.

Babanta kafinta ne, mutumin da bai taɓa yabon kujerar wani ba. Da ya ji labarin soyayyarsu sai ya ajiye zarto.

"Ƙato da gemu, aikinsa kallon zanen yara? Ga mai shagon tayal nan yana ta sintirin neman aurenki."

Mai tayal kuwa ya zo hira sau ɗaya, ya leƙa wayarta ya ce, "Ai duk inji ke zana waɗannan." Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce masa kanta na ciwo.

Sai kuma mai tabarau ya yi ɗif, kwana da kwanaki. Ranar da saƙo ya shigo, wayar na hannun gwaggonta, ita kuwa ta karanta wa gida kaf da ƙarfi:

"Ki yafe min, masoyiya. Na yi ta kallo a ɓoye, na kasa daurewa. Na kamu da son Mai Gira."

"Kun ji ko!" in ji gwaggo. "Wata mai gyaran gira ce a salun, na rantse na ma san ta!"

Malama ta yi dariya har da hawaye, amma ba wanda ya saurare ta. Baba ya ce a kira masa marar kunyar.

Mai tabarau ya zo shagon Baba da kwamfutarsa a hammata, ya durƙusa cikin garin katako.

"Baba, Mai Gira namiji ne, kuma ina jin ya daɗe da rasuwa. Bari ka gan shi."

Ya kunna. Baba ya harɗe hannu, baki a taɓe. Jakin ya ɗaga gira. Daga nan ya nemi benci ya zauna. Aka wuce zuwa wani wurin da jakin ke zaune a kan benci yana surutu.

"Tsaya," in ji Baba. "Wane ne ya yi wannan?"

"Malalaci muke ce masa."

"Ya ci sunansa. Dubi benci, ƙafar baya ba ta taɓa ƙasa ba. Kuma wancan na farko, da ya zaunar da jakin, ai katakon sai da ya lanƙwasa. Wannan ko nauyi bai sani ba. Da yarona ne, da tuni na kore shi." Ya jawo kujera. "Mayar baya in ƙara ganin abin haushin."

Har la'asar suna zagin Malalaci, kwastoma na jira a ƙofa.

Ba a daɗe ba aka ɗaura aure. Gwaggo ta sha rawa, ko da yake har yau tana harare-hararen salun ɗin nan.

Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kan 'yarsa.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya albarkace ku da zuriya tagari." Ya juya ga ango. "Kai kuma, gadon da na yi muku, duk garin nan ba mai iya irinsa. In na ji ka jingina shi da bango mai danshi, ni da kai ne."

"Amin, Baba," in ji su tare.