Filafilin Jiya

Ranar da Tsado ya fara ganin Teni, sanye yake da rigar hana nitsewa mai ruwan lemo, shi kaɗai a duk matuƙan mashigar kogin. Ta sauke tiren kifinta ta ƙare masa kallo.

"Malam, wa ya naɗe ka kamar tsaraba?"

"Ke nake jira ki kwance," ya ce. Ta rufe baki tana dariya.

Daga nan zance ya ƙullu. Sai dai mahaifinta, Ndako Legbo, shi ne shugaban ƙungiyar matuƙa kwale-kwale, kuma bai ƙaunar rigar nan. Da Tsado ya nemi a wajabta wa kowane fasinja ita, tsohon ya murtuke.

"Kogin da ya ci da kakanninmu za ka nuna wa rashin yarda? Yaro, kogi yana ji."

A al'adarsu, mai sabuwar shawara yakan kafa filafilinsa na tuƙi a yashi, masu goyon baya su kafa nasu kusa. In ranar kasuwa ta zagayo yana shi kaɗai, ya bar ƙungiya. Ndako ya ƙara da cewa ya bar Teni ma, ga wani matuƙi, Gimba, nan yana jiran aurenta.

Kwanaki suka shuɗe, filafilin na tsaye kamar maraya. Abokansa sai su wuce suna kallon ƙasa, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Saƙon Teni ya shigo wayarsa: "Tsarabata, kar ka cire shi. Da yayana Jiya na sanye da rigarka, da yau yana raye. Da mata na da filafili, da tuni na kafa nawa."

Safiyar kasuwa hazo ya lulluɓe ruwa, ko tsuntsu bai yi kuka ba. Mutane suka taru suka yi cirko-cirko. Kusa da na Tsado an kafa wani filafili, baƙi, gansakuka ta cinye shi, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Yashin kuwa babu sawun kowa.

Ndako ya shafa alamar da ke mariƙinsa. Shi ya sassaƙa ta, kuma tare da ɗansa filafilin ya nitse.

"Jiya," ya ce a hankali, "na ji, ɗana."

Ya kafa nasa. Sauran suka bi, har Gimba.

Ranar kai amarya, kowa a jirgi sanye da ruwan lemo. A tsakiyar kogi Tsado ya sunkuyo wajen Teni.

"Hasken idona, yau dai faɗa min, ina kika samo filafilin Jiya?"

Ta zaro ido. "Wallahi ni kai na zata!"

Matuƙa sun ɗaga hannu suna hutawa, amma a bayan jirgin ana jin wani yana tuƙi a hankali, har suka isa gaɓa.

"Allah ya jiƙanka, Yaya," Teni ta raɗa tana hawaye.

Ndako ya haɗa hannuwansu. "Allah ya yi muku albarka, ya tsallakar da ku kowane ruwa lafiya."